Hancin Kare da Barcin Iyaye: Tarihin Karnukan Gargaɗin Ciwon Sukari a Amurka

A watan Mayun 2018, babban lauyan jihar Virginia ta Amurka, Mark Herring, ya maka wata ƙungiya mai suna Service Dogs by Warren Retrievers a kotu, tare da shugabanta Charles Warren. Zargin da ke cikin takardar ƙarar shi ne cewa ƙungiyar tana karɓar tsakanin dala 18,000 da dala 27,000 daga hannun iyalai, a kan alkawarin za ta ba su karen da aka horar ya shinshino faɗuwar sukari ko hauhawarsa a jikin mai ciwon sukari, ya kuma yi gargaɗi kafin abin ya zama hatsari. Abin da iyalai da dama suka karɓa, in ji ƙarar, ƴan kwikwiyo ne da ba su ma koyi inda ake bahaya ba, ga haushin banza, ga tsalle kan baƙi, ga firgita da kowace irin ƙara. Fiye da mutum hamsin ne suka kai koke. Da yawa daga cikin masu sayen iyayen ƙananan yara ne.

Mai karatu na wannan nahiya tamu, inda aikin kare bai wuce gadi da farauta da bin garke ba, zai iya tsayawa kan tambaya ta farko: me zai kai mutum mai ilimi, a ƙasar da ta fi kowace kashe kuɗi kan lafiya, ya zuba kuɗin sabuwar mota don ya kwantar da kare a ɗakin ɗansa? Amsar tana cikin tarihi biyu da suka taso daban-daban, suka yi tafiyar kusan shekara tamanin ba su haɗu ba. Ɗaya tarihin insulin ne da tsoron da ya zo tare da shi. Ɗayan tarihin karen da ke yi wa mai lalura hidima.

Maganin da ya zo da nasa tsoron

Kafin 1922, yaron da aka gano yana da ciwon sukari nau'i na ɗaya kwanakinsa ƙidayayyu ne. A wannan nau'i, garkuwar jiki ce ke juyowa ta lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin a cikin fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi. Idan babu insulin, sukari zai yi ta taruwa a jini alhali naman jiki na fama da yunwa. Iyakar dabarar likitocin lokacin, wadda Frederick Allen ya shahara da ita, ita ce a horar da yaro da yunwa, a rage masa abinci har ya koma ƙashi da fata, ko a saya masa wasu watanni. Elizabeth Hughes, ɗiyar sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, nauyinta bai wuce kilo 20 ba sa'ad da aka kai ta Toronto a watan Agustan 1922, tana dab da cika shekara goma sha biyar.

A can Toronto ne Frederick Banting da Charles Best suka fara aikinsu a 1921, kuma abin lura ne cewa a jikin karnuka suka yi gwaje-gwajen. A watan Janairun 1922 aka yi wa Leonard Thompson, ɗan shekara 14, allurar farko. Elizabeth Hughes ta samu tata allurar, ta murmure, ta yi aure ta haihu, ba ta bar duniya ba sai 1981.

Sai dai allurar da ta ceto waɗannan yara ta buɗe wata ƙofa da babu ita a da. Lafiyayyen jiki yana sakin insulin daidai da buƙata, minti bayan minti. Allura kuwa, idan ta shiga ta shiga. In yaro ya ci abinci kaɗan, ko ya yi wasan guje-guje da yamma, ko lissafin uwa ya ɗan kauce, sukari zai yi ta sauka. Likitoci sun sa iyaka a miligiram 70 cikin kowace desilita ta jini. Ƙasa da 54 kuwa an shiga hatsari sosai. Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiyar sukari, saboda haka ita ce ta farkon jigata: rawar jiki, gumi, ruɗewa, sannan farfaɗiya ko suma. Babba mai hankali yakan ji alamun ya nemi abu mai zaƙi. Yaro ɗan shekara uku ba shi da kalmomin da zai faɗi abin da yake ji. Wanda ya daɗe da ciwon kuma, musamman in sukarinsa ya saba faɗuwa, jikinsa kan daina ba shi alamar gaba ɗaya.

Abubuwa biyu a farkon shekarun 1990 suka ƙara wa wannan tsoro nauyi. A 1991, likitoci biyu ƴan Birtaniya, Robert Tattersall da Geoffrey Gill, suka buga bayanin mutum 22 masu nau'i na ɗaya da suka kwanta lafiya aka wayi gari an same su babu rai, shimfiɗar akasarinsu ko yamutsewa ba ta yi ba. Irin wannan mutuwa ba ta da yawa, amma labarinta ya shiga kunnen kowace uwa mai irin wannan ɗa. Sai kuma 1993, lokacin da aka fitar da sakamakon babban binciken nan da ake kira DCCT, wanda ya bi mutum 1,441 a Amurka da Kanada. Binciken ya tabbatar da cewa riƙe sukari kusa da na mai lafiya yana rage hatsarin lalacewar ido da kashi 76 cikin ɗari, yana kuma kare ƙoda da jijiyoyi. Amma masu wannan tsattsauran riƙo sun fuskanci mummunar faɗuwar sukari kusan ninki uku na sauran, kuma fiye da rabin irin wannan faɗuwa tana zuwa ne cikin barci.

A duba matsayin da aka jefa iyaye. In sun sassauta, suna saya wa ɗansu makanta da ciwon ƙoda nan da shekara ashirin. In sun tsaurara, suna kusantar da shi ga abin da ka iya faruwa yau da daddare. Daga nan ne aka samu al'adar da kowane gida mai irin wannan yaro ya sani: agogo ya kaɗa ƙarfe biyu ko uku na dare, uwa ko uba ya lallaɓa da fitila, ya huda yatsan yaro yana barci, ya ɗiga jini a kan tsinken gwaji. Kowane dare, shekara da shekaru. Duk wanda zai yi hukunci kan iyayen da suka sayi kare, ya fara lissafa wannan barcin da aka rasa.

Daga ramukan yaƙi zuwa ɗakin yara

Tarihi na biyu ya faro ne a Jamus. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya maido da dubban sojoji makafi, wasu ta hanyar iskar guba, wasu ta tarkacen bama-bamai. A watan Agustan 1916 aka buɗe makarantar horar da karnukan ja-gora a garin Oldenburg. Wata Ba'amurkiya mai kiwon karnuka a Suwizalan, Dorothy Eustis, ta ziyarci irin wannan makaranta a Potsdam, ta rubuta abin da ta gani a mujallar Saturday Evening Post a watan Nuwamban 1927. Aka karanta wa wani matashi makaho a Nashville, Morris Frank, wannan rubutu. Ya aika mata wasiƙa, ya tafi Suwizalan, ya dawo da karya mai suna Buddy, kuma a 1929 suka kafa The Seeing Eye, wadda har yau tana aiki a New Jersey.

Darajar da karen ja-gora ya samu a idon Amurkawa ta ginu ne a kan wani abu mai sauƙi: aikinsa a fili yake. Ko dai ya tsaya a bakin titi ko bai tsaya ba. Ko dai ya kauce wa rami ko ya jefa mai shi ciki. Mai horarwa zai iya ɗaure idonsa ya bi karen cikin gari kafin ya miƙa shi, kuma haka ake yi. A 1975 Bonnie Bergin ta faɗaɗa wannan tunani a Kalifoniya, inda ta kafa Canine Companions for Independence don horar da karnukan da ke ɗauko wa masu keken guragu abin da ya faɗi, su buɗe ƙofa, su kunna fitila. Wannan ma aiki ne da ido ke gani. Shekara sittin na irin wannan nasara suka sa rigar da ake ɗaura wa karen hidima ta zama kamar farar rigar likita: ganinta kaɗai yana sa a yarda.

Batun sukari ya shigo ta ƙofar labari. Masu ciwon sun daɗe suna faɗa wa likitocinsu cewa karen gida yakan canza hali idan sukarinsu ya faɗi. A watan Disamban 2000, mujallar likitoci ta BMJ, a fitowarta ta ƙarshen shekara wadda aka san ta da ɗan raha, ta buga rahoton wasu likitocin Liverpool kan karnuka uku masu irin wannan ɗabi'a. A 2008 Deborah Wells da abokan aikinta a Jami'ar Queen's ta Belfast suka tambayi masu ciwon 212 da ke da karnuka, kashi 65 cikin ɗari suka ce karensu ya taɓa nuna wata alama lokacin faɗuwar sukari. Hujjar ba ta wuce abin da mutane suka tuna suka faɗa ba, amma tana da ma'ana a hankalce. Ana ƙiyasta cewa hancin kare na ɗauke da ƙwayoyin jin ƙamshi da suka kai miliyan ɗari biyu zuwa ɗari uku, na mutum kuwa ƴan miliyoyi ne kawai. Dabbar da ke gano nakiya a ƙarƙashin ƙasa da hodar ibilis a cikin akwati, me zai hana ta gane canjin da ke fita a numfashin yaro?

Wanda ya fara mayar da labarin sana'a mai tsari shi ne Mark Ruefenacht, mai nau'i na ɗaya, wanda aikinsa na yau da kullum auna ingancin ma'aunai ne. A 2003 ya horar da wani kare mai suna Armstrong ta hanyar amfani da ƙamshin jiki da aka ɗauka lokacin faɗuwar sukari, shekara ɗaya bayan haka ya kafa Dogs4Diabetics a Kalifoniya. A Ingila kuma Claire Guest da likita John Church suka kafa Medical Detection Dogs a 2008. Waɗannan ƙungiyoyin agaji ne masu dogon horo da dogon layin jira. To amma layin jira na shekara biyu ko uku, a gaban uwar da ba ta yi cikakken barci ba tun ranar da aka sallamo ɗanta daga asibiti, gayyata ce ga ƴan kasuwa.

Giɓin da doka ta bari

A ranar 26 ga Yulin 1990 Shugaba George Bush babba ya sa hannu kan dokar kare haƙƙin masu naƙasa ta Amurka, wadda aka fi sani da ADA. Ƙa'idojin da ma'aikatar shari'a ta sabunta, suka fara aiki a watan Maris na 2011, sun fayyace matsayin karen hidima. Mai shago ko mai gidan abinci ba shi da ikon neman takardar shaida. Tambaya biyu kawai aka yarje masa: shin ana buƙatar karen ne saboda lalura, kuma wane aiki aka horar da shi ya yi? Babu rijistar gwamnati, babu jarrabawa, babu lasisin mai horarwa.

An yi hakan da kyakkyawar niyya, kuma ina ganin niyyar tana da hujja. Ba a so makaho ko gurgu ya riƙa nuna takarda a kowace ƙofa kamar mai neman biza, kuma ba a so a hana talaka horar da nasa karen da kansa. Amma dokar da aka rubuta don ƙofar shago ta bar kasuwar sayar da karnukan ba mai tsaro. Na'urar gwajin sukari ta ƴan daloli ba za ta shiga kanti ba sai hukumar FDA ta ga hujjar ingancinta. Karen dala dubu ashirin da ake tallata shi a kan aikin da ya fi na na'urar girma ba ya bi ta gaban kowace hukuma. Akwai wata gamayya mai suna Assistance Dogs International, wadda aka kafa a 1986, da ke tantance ƙungiyoyi, sai dai shiga cikinta ganin dama ne, kuma ƙungiyoyin da ba na neman riba ba kaɗai take karɓa. Duk wanda ya buɗe shafin intanet, ya ɗauki hoton yaro rungume da kare, ya zama gwani.

Da yake kamfanonin inshora ba sa biyan kuɗin kare, sai cinikin ya ɗauki wani salo da ya ƙara masa sarƙaƙiya. Iyali ba daga aljihunsu kaɗai suke biya ba. Taron neman taimako ake yi a coci da makaranta, a sayar da riguna da kek, jaridar gari ta buga hoton yaron, daga baya kuma Facebook da GoFundMe suka sauƙaƙa abin. Kuɗin kan tafi kai tsaye asusun ƙungiyar da sunan gudummawa. Idan kare ya iso ya kasa aiki, uwa tana tsakanin wuta biyu. Ba za ta iya neman a maido mata kuɗin da a takarda sadaka ce ba. Ba ta kuma da fuskar da za ta kalli maƙwabtan da suka yi karo-karo ta ce an yaudare ta. Ga yaro ya riga ya shaƙu da dabbar, yana kwana da ita. Wannan shiru na kunya, wanda duk wanda ya taɓa tara kuɗin jinya a unguwa zai gane shi, ya daɗe yana kare miyagun masu sana'ar.

Shekara goma kafin shari'ar Virginia an riga an ga samfurinta. A 2008 babban lauyan jihar Missouri, Jay Nixon, ya kai ƙarar wata ƙungiya mai suna Heaven Scent Paws, wadda ke sa iyalai su tara aƙalla dala 6,000, su zo horon makonni uku, su koma gida da kare. Iyalai suka yi kukan cewa karnukan ba sa gargaɗin komai, wasu ma ba su da natsuwar shiga jama'a. A 2010 kotu ta yanke hukuncin a biya su. Sana'ar ba ta girgiza ba, farashi ma hawa ya yi.

Da aka ɗora hanci a kan ma'auni

Muddin ana dogara da huda yatsa, ba a da hanyar auna kare da adalci. Mai shi zai gwada jininsa ne idan karen ya yi alama. In ya tarar da sukari ƙasa, ya rubuta nasara. Lokutan da sukari ya faɗi kare na kwance yana minshari, babu wanda ya gani, balle ya rubuta. Abin da ya canza lissafin shi ne na'urar bibiyar sukari, ɗan ƙaramin maɓalli da ake maƙalawa a fata, mai siririn zare a ƙarƙashinta, yana auna sukari kusan kowane minti biyar dare da rana. Da ita aka samu shaidar da ba ta barci kuma ba ta son kowa.

A 2016 Evan Los, likitan yara a jami'ar kiwon lafiya ta Oregon, ya maƙala wa mutum takwas masu horarrun karnuka irin wannan na'ura, shekarunsu daga 4 zuwa 48, aka rufe fuskarta don kada su ga lambobin. Sakamakon yana da fuska biyu. Karnukan sun fi yin gargaɗi lokacin faɗuwar sukari kusan ninki uku a kan lokacin da yake daidai, alamar cewa lallai suna jin wani abu. Amma kashi 36 cikin ɗari kawai na faɗuwar suka kama a kan lokaci, kuma cikin duk gargaɗin da suka yi, kashi 12 ne kacal ya zo daidai da faɗuwar sukari ta gaskiya. Inda kare da na'ura duka suka gano, na'urar ce ke riga a kashi 73 cikin ɗari, da tazarar kusan minti 22. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken shi ne wata lamba ta gefe: da aka tambayi masu karnukan gamsuwarsu, sun ba da maki kusan tara cikin goma.

Shekara ɗaya bayan haka Linda Gonder-Frederick da abokan aikinta a Jami'ar Virginia suka bi mutum 14, rabinsu yara da matasa. Karnuka uku ne kawai cikin 14 aikinsu ya wuce abin da dace zai iya bayarwa. Da dare kuma, lokacin da aka sayi karen dominsa, ƙoƙarin nasu ya ƙara sauka. Bai kamata wannan ya ba kowa mamaki ba. Kare dabba ce mai barci fiye da mutum. Karen da ke neman bam a filin jirgin sama aikin ɗan lokaci yake yi a hutar da shi. Shi kuwa wannan ana so ya yi gadin ƙamshi guda sa'o'i ashirin da huɗu, kwana bakwai a mako, har tsawon shekara takwas ko goma.

Adalci ya wajabta a kawo ɗaya ɓangaren. A 2019 Nicola Rooney ta Jami'ar Bristol ta duba bayanan karnuka 27 da Medical Detection Dogs ta horar, a lokuta fiye da 4,000, ta samu matsakaicin kare yana kama kashi 83 cikin ɗari na faɗuwar sukari. Bayanan daga littafin masu karnukan aka ɗauko su, don haka raunin da na ambata a sama bai kau gaba ɗaya ba. Duk da haka binciken ya nuna abin da sauran ma suka nuna ta wata fuskar: tazarar da ke tsakanin kare da kare tana da faɗi ƙwarai, kuma tana bin ingancin horo, da tsawon lokacin da ya wuce tun tantancewa, da himmar mai karen wajen ci gaba da sakanta masa. Akwai karnukan da suke aikin da gaske. Matsalar mai saye ita ce ranar ciniki gwani da ragon kare riga ɗaya suke sanye da ita.

Ga kuma tambayar abin da karen ke shinshinawa. A 2016 masu bincike a Cambridge suka gano cewa wani sinadari mai suna aisofirin yana ƙaruwa a numfashi idan sukari ya faɗi, a gwajin da suka yi wa mata takwas. A ɗaya hannun, wani gwaji na 2013 a Oregon ya ba horarrun karnuka uku audugar da aka goga a fatar masu ciwon, ba tare da mutumin yana wurin ba, suka kasa bambance ta faɗuwar sukari da ta lafiya. Wannan ya maido da wani tsohon darasi. A Berlin ta 1904 an yi wani doki, Hans mai wayo, da ake cewa yana lissafi da buga kofato, har Oskar Pfungst ya nuna cewa fuskar mai tambaya yake karantawa, yana tsayawa idan ya ga an saki jiki. A 2011 Lisa Lit a Kalifoniya ta gwada karnuka 18 masu neman ƙwaya da bam a ɗakunan da babu komai, bayan an sa masu riƙe da su sun yi zaton akwai. Aka samu gargaɗin ƙarya 225. Karen da ya ga uwa ta kalli agogo ta nufi jakar gwaji zai iya koyon cewa yanzu ne lokacin ɗaga ƙafa a samu lada. Ba yaudara yake yi ba, darasin da aka koya masa ba da sani ba yake maimaitawa.

Inda abin ya fi tsanani ga yaro

Duk waɗannan matsaloli suna ninkuwa idan mai ciwon ƙaramin yaro ne. Karen hidima yana buƙatar mai riƙe da shi, wanda zai gane alamarsa, ya gwada jini, ya ba shi lada idan ya yi daidai, ya kau da kai idan ya yi kuskure. Ɗan shekara biyar ba zai iya ba. Saboda haka aikin ya koma kan iyayen da aka ce za a sauƙaƙa wa, kuma idan yaron ya tafi makaranta sai a shiga jayayya kan wanda zai riƙe karen a aji, domin doka ba ta ɗora wa makaranta kula da dabbar ba. Wannan ne ya sa wasu ƙungiyoyi masu mutunci suke gindaya mafi ƙarancin shekaru. Masu sayar da ɗan kwikwiyo ɗan wata uku ko huɗu kuwa cewa suke yi gara ya taso tare da yaron ya saba da ƙamshinsa, alhali cikakken horon karen hidima yakan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. A zahiri sun sayar wa iyali ɗanyen kaya a farashin gamamme, suka bar musu aikin.

Hatsarin da likitoci suka fi jin tsoro ba asarar kuɗin ba ce. Uwar da ta yarda kare zai tashe ta za ta iya kashe agogon ƙarfe biyu. Gidan da ba shi da kare ya san ba shi da mai gadi. Gidan da ke da karen da ke kama kashi ɗaya cikin uku yana barci da zaton yana da shi.

Ita ma na'urar ba ta kawo ƙarshen wahala ba, kada a ce na yi mata talla. Ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin fata take aunawa, saboda haka takan yi jinkirin wasu mintoci a bayan jini. Idan yaro ya kwanta a kanta takan yi kukan ƙarya. Yara da yawa ba sa farkawa da ƙararrawarta, iyaye kuma kan gaji da yawan kukan su rage mata murya. Tsugune ba ta ƙare ba. Masu kare suna da gaskiya idan suka ce na'ura ba ta hawa gado ta lashi fuska, ba ta zuwa ɗakin uba ta ja bargo, ba ta kuma rage wa yaro kaɗaicin zama shi kaɗai mai allura a ajinsu. Amma giɓin da kare ya zo cikewa ya yi ta tsukewa. A 2013 wani injiniya a jihar New York, John Costik, ya haɗa hanyar da lambobin na'urar ɗansa za su riƙa zuwa wayarsa daga nesa, iyaye suka rungumi dabarar da sunan Nightscout, kamfanin Dexcom ya biyo baya da nasa tsarin. A watan Satumban 2016 FDA ta amince da MiniMed 670G, famfon insulin da ke karanta na'urar ya rage ko ya tsayar da allura da kansa idan sukari ya nufi ƙasa. Kare, komai ƙwarewarsa, iyakarsa ya faɗa.

Duk da haka kasuwar ba ta mutu ba. A watan Fabrairun 2020 gidan rediyon NPR ya yi dogon bincike a kanta, ya tarar da kamfanoni suna ci gaba da tallata alƙaluman inganci da babu wani bincike mai zaman kansa a bayansu. A wannan shekarar ce ƙungiyar Warren ta bayyana durƙushewa. A 2021 aka rufe shari'ar Virginia da hukuncin da ya ɗora wa Charles Warren biyan diyyar fiye da dala dubu 500 ga waɗanda abin ya shafa, ban da tara, aka kuma hana shi sake shiga wannan sana'a. Cikin zarge-zargen da ke takardar ƙarar har da cewa ya riƙa faɗa wa abokan ciniki ya yi aikin sojan ruwa ya horar da karnuka a can, alhali bai taɓa sa kaki ba. An kama shi ne da dokar kare mai saye da ta neman gudummawa, irin wadda za a kama mai sayar da jabun taya da ita. Ƙa'idojin ADA kan karen hidima suna nan yadda suka fara aiki a 2011, kuma har yau babu jarrabawar da doka ta wajabta wa karen gargaɗin sukari ya ci kafin a miƙa igiyarsa ga uwar yaro.